Ƙyallaye a Gonar Gero

"Na faɗa, na kuma maimaita," in ji Dattijo Abednego, ya buga tafin hannu a kan teburin Fasto har kofin ruwa ya yi rawa. "Muddin ina dattijo a ikilisiyar nan, yarinyar nan ba za ta ƙara kwasar mana mata zuwa daji ba. Mai son jin Maganar Allah, ga ɗakin sujada nan, da rufi da benci."

Yarinyar da yake nufi ita ce Selina, matar ɗana, mai 'ya'ya huɗu, wadda shekara uku ke nan tana bi da mu nazarin Littafi Mai Tsarki kowace Alhamis. Tana zaune a ƙarshen benci, ta ɗora hannuwa a cinya. Ranar Lahadi ce bayan an tashi daga sujada, a ɗan ofishin Fasto da ke jikin majami'armu, can bayan Saulawa. Akwai Fasto, akwai wasu dattawa biyu da aikinsu gyaɗa kai, akwai matan zumuntar ikilisiya huɗu da aka kira shaida. Ni ba a kira ni ba. Na dai ga ƙofa a buɗe, kuma ba a korar tsohuwa daga inuwa.

Abednego ya sa hannu a aljihu ya zubo wasu ƙyallaye a kan teburin, guda biyar ko shida, duk sun sha rana sun sha ruwa. Ya ce da hannunsa ya kwance su jiya daga jikin gero a gonarmu ta bakin hanya. Ja da shuɗi da baƙi a ɗaure a kara, in ji shi, ko makaho ya shafa ya san abin da ake nufi. Ya ce daga kasuwar Hunkuyi har Gubuci ba a zancen kowa sai namu, wai matan Kirista sun koma tsafin kakanninsu, wata 'yar Kudu ce ke ja musu gaba, Littafi a hannun dama, asiri a hagu.

Ni da Abednego taubasai ne, uwarsa ƙanwar ubana ce, don haka bakina ba ya jin nauyinsa. Na san shi tun sunansa Tanko, yana bin awaki ba wando.

Na ce, "Tanko, ɗaga shuɗin nan ka duba da kyau. Ba ka gane shi ba?"

Ya ce shi bai san kayan matsafa ba, kuma sunansa ba Tanko ba. Na ce to madalla, gefen zanen matarsa Matta ne, wanda shi da kansa ya saya mata shekarar da aka aurar da 'yarsu Jessica. Matta na zaune kusa da ni, ta ƙara sunkuyar da kai. Shekara talatin da huɗu da aurensu, ban taɓa jin muryarta a taro ba sai a cikin waƙa.

Ya saki ƙyallen kamar ya taɓa garwashi. Amma bai sauko ba, ƙara hawa ya yi. Ashe, in ji shi, har cikin gidansa abin ya shiga.

Bari in koma baya kaɗan, don a san inda ƙyallayen suka fito.

An ce uwar miji ba ta yabon matar ɗa. Ni na wuce shekarun wannan kunyar. Lokacin da ɗana ya kawo Selina daga wajen Zonkwa, ba ta iya tuƙa tuwon dawa ba, gero kuwa a kasuwa kawai ta san shi. Amma tana da karatu, tana kuma da abin da ya fi karatu, wato ta san lokacin da mutum ya daina ji ko da idonsa na buɗe. Da aka ba ta nazarin mata, wata biyu ta yi tana karanta mana a cikin majami'a. Kwanon rufi ya ɗau zafi, mu kuma mun kwaso gajiyar gona, kafin ta kai aya ta uku rabinmu na gyangyaɗi, ni ce kan gaba. Ran nan sai ta rufe Littafin, ta ce kowa ta ɗauki buhun zama mu bi ta.

Tun daga ranar ba mu ƙara zama ƙarƙashin kwano ba. Ba ta karanta mana abu sai a inda abin yake. Zancen mutumin da ya yi gini a kan yashi, sai da ta kai mu bakin rafi muka ga inda gaɓa ta zube da tsohuwar bukkar wani mai lambu. Zancen tunkiyar da ta ɓata kuwa a gefen ruga muka yi shi, wata tsohuwar Bafulatana na tsaye da ƙwarya tana gyara mana, ta ce akuya in ta ɓata kuka take har a ji ta, tunkiya kuwa lafewa take, sai an je an ɗauko ta. Kwana ɗaya kafin mu je wuri Selina kan riga mu, ta gaida mai gona ta nemi izini, ta kaɗa ciyawa da sanda saboda maciji, ta ga inda masu goyo za su sami inuwa. Idan mun zauna ta karanta sau ɗaya a hankali, ta rufe, ta mai da Littafin cikin leda saboda ruwa, sannan ta ce, to, me kuka gani? Ba ta gaggawar ba da amsa. In gardama ta kaure sai ta ƙyale mu, tana wasa da tsinke, har wata ta faɗi abin da take jira. Mu goma sha ɗaya muka fara. Bana mun kai talatin da biyu, har da masu hawo babur daga wani ƙauye ta wajen Gubuci. Ku nuna mini wani dattijo da ya taɓa tara mutum talatin ran Alhamis da damina ba tare da an dafa shinkafa ba.

To, farkon daminar bana, bayan noman fari, muka zauna gindin ɗorawa a gonarmu ta gero. Ta karanta mana misalin mutumin da ya shuka iri mai kyau, maƙiyinsa ya zo ya watsa mugun iri a ciki. Barori suka ce bari su cire, mai gona ya hana, ya ce a bar su su tashi tare har girbi, kada garin cire mugu a tumɓuke mai kyau. Tana rufe Littafi na ce wannan mai gona rago ne, a ƙasarmu ko bazawara ba za a ba shi ba. Wanda ya bar ciyawa har kaka ai yunwa ya shuka. Wasu suka yi dariya, wasu suka kama baki, wai Goggo Rahama na gardama da Littafi.

Selina ba ta tsawata mini ba. Ta ce in ciyawa ce irin wadda kowa ya sani, Mama na da gaskiya. Sannan ta tambaye mu, da gaske kuma take tambaya don ba ta sani ba, ko a ƙasar nan akwai abin da ke tsirowa cikin shuka wanda ba a iya raba shi da ita. Na ce akwai shura, wasu na ce mata shibra. Ita ce 'yar'uwar gero ta banza, ganye ɗaya, kara ɗaya, ba ka sanin halinta sai ta fitar da kai, ɗan siriri mai gashi, tsabarsa na zubewa tun ba a kai ga yanka ba. Da na tsaya nan da na tsira da mutuncina. Sai na ƙara da cewa amma ni, da shekara sittin a gona, ko ido rufe ina gane ta tun tana ƙarama. Nan fa kowace tsohuwa ta ce ita ma haka.

Selina ta ce to kada wadda ta cire ko ɗaya. Alhamis mai zuwa kowa ta yago gefen tsohon zanenta, don a san na wa da na wa, ta bi kunyoyin gero ɗaya-ɗaya, duk karan da za ta iya rantsewa shura ne ta ɗaura masa. Ta ce nazarin nan ba zai ƙare ba sai gero ya fitar da kai ya faɗi nasa. Haka aka yi. Ni goma sha ɗaya na ɗaura, jajaye, ina ɗaurawa ina yi wa sauran dariya.

Ga inda nawa laifin ya shigo, kuma har zuwa lokacin da Abednego ke buga tebur ba wanda ya sani sai ni da Allah.

Gonarmu ta yi iyaka da ta Malam Inuwa, Musulmi ne, mutumin kirki, tun zamanin mijina ba mu taɓa sa-in-sa a kan iyaka ba. Amma matarsa Indo tana da awaki uku da ba su san turke ba. Kowa na ɗaure nasa da damina, nata kullum sun tsinke, kuma ba su tsinkewa sai zuwa geronmu. Na haɗu da ita a injin niƙa, muka gaisa, gida da yara da gajiya da ruwa, sannan ta matso ta rage murya ta ce, Goggo, tsummokaran nan da ke gonarku fa? Na duba hagu na duba dama kamar mai tsoron a ji. Na ce mata ba abin faɗa ba ne, amma tunda ita ce, duk dabbar da ta ci ganye ɗaya a gonar nan, cikin mai ita ne zai kumbura, ba na dabbar ba. Na ce ta rufa mini asiri.

Washegari awakin Indo na turke da igiya sabuwa. Na ji daɗi ƙwarai.

Bayan mako biyu zancen ya dawo mini daga Hunkuyi ta bakin wata mai sayar da daddawa, ya yi ƙiba har ban gane shi ba. An ce mun binne baƙar kaza a gindin ɗorawa. An ce muna zagaya gonar da baya da baya. Na riƙe haɓa na ce ikon Allah, mutane ba su da tsoron Allah, na kuma tambaye ta ko an faɗi launin tukunyar da aka binne kazar a ciki. Ita ma ba ta san da tukunya ba sai a bakina. Ni dai a ganina wasa ne, irin wanda ruwa biyu ke wankewa. Ban taɓa kawo wa raina cewa a kan Selina zai sauka ba.

A ofishin Fasto kuwa, da aka ba ta dama, Selina ta yi bayanin ƙyallayen a taƙaice, ba ta ɗaga murya ba. Abednego ya ce kowane boka na da bayani. Sannan ya faɗi abin da ya sa ni ma na daina motsa ƙafa. Ya ce ubansa shi ke riƙe da tsafin gonakin ƙauyen nan, shi ke ɗaure-ɗaure a kara kafin a ci sabon hatsi. Ranar da ya tuba ya tara kayan a ƙofar gida ya cinna musu wuta, 'yan'uwansa suka yi masa dukan da har ya mutu bai ƙara ji da kunnen hagu ba. Shi Abednego yana tsaye yana gani. Ya ce shekara hamsin aka yi ana wanke sunan nan a idon maƙwabta, ba zai zauna a mayar da shi cikin taɓo da sunan nazari ba. Gaskiya ya faɗa, na san uban, mijin gwaggona ne, ni na kai masa ruwan zafi ranar.

Fasto yaro ne, shekararsa ɗaya da zuwa, yana ta share gumi da hankici. Ya dubi Selina kamar mai roƙo.

Ta ce, "Baba, geron ya fitar da kai cikin makon nan. Da ma ran Alhamis za mu rufe nazarin. Tafiyar minti ashirin ce. Ku zo yanzu ku gani da idonku. In kun gani kuka ce in sauka, zan miƙa Littafin ga wadda kuka zaɓa, ba za ku ji bakina ba."

A nan ya kamata in tashi in ce ni ce. Na buɗe baki, sai na ji tari ya zo, na yi tarin na gyara zama.

Muka fita. Ashe sauran matan zumunta ba su tafi gida ba, suna rakuɓe bayan taga, suka biyo mu ɗuu da kayan sujadarsu, wasu maza ma suka bi don kada a ba su labari. Abednego na gaba da babbar riga yana taku kamar mai zuwa kama ɓarawo. Ni ina can baya, ba don tsufa ba.

Gonar ta yi kyau, sai dai in faɗa. Gero ya fi tsayin mutum, zangarniya ta fito tana bununi, ƙudan zuma na ta kai da kawo. Selina ba ta yi wa kowa jawabi ba. Ta sa hannu ta kaɗa ciyawar gindin ɗorawa da sanda kamar kullum, ta nuna wa masu goyo inuwa, ta shimfiɗa wa Fasto da dattawa buhu a kan saiwa. Sannan ta ce kowace mace ta shiga ta nemo ƙyallayenta, kada ta kwance, ta ɗaga kai kawai ta dubi abin da ke saman karan.

Na shiga. Jan ƙyallena na farko yana jikin shura, kai siriri kamar wutsiyar ɓera, na ce yauwa. Na biyu gero ne. Na uku gero ne, zangarniya kamar damtsena. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina fatan ko wata ta canza mini wuri. Cikin goma sha ɗaya, bakwai gero ne lafiyayye. Abin da ya fi ba ni haushi, a kunyar da na fi daɗewa ina dubawa ranar, ga shura nan tsaye har uku, ko ɗaya ban ɗaura wa ba. Ta ko'ina cikin gonar sai ka ji mace na cewa kai, ko ta yi dariyar kunya. Ɗaya daga cikin dattawan nan masu gyaɗa kai ya kasa haƙuri, ya naɗe riga ya shiga yana ƙirgawa da kansa, ya fito ya ce wa Fasto fiye da rabi a kan gero mai kyau suke.

Muka zauna. Selina ta fito da Littafi daga leda ta sake karanta misalin, sau ɗaya, iska na kaɗa gero a bayanta. Ta rufe, ta juyo wajena ta ce, Mama, da an bar ki kin cire ranar, me za ki ce wa mai gona yau? Na ce sai in ce masa awaki ne suka ci. Aka yi dariya har Fasto. Na dubi mazan da ke tsaye suna sauraron matar ɗana baki buɗe, na ji kaina ya yi girma, na manta da abin da ke cikina.

Sai ga sallama daga iyakar gona. Malam Inuwa ne da fartanya a kafaɗa, ya ga taro ya zo gaisuwa. Ya gaida Fasto, ya gaida dattawa ɗaya-ɗaya, ya tambayi gida da iyali da ibada. Sannan ya durƙusa a gabana, don yana girmama ni.

Ya ce, "Goggo, da ma ina neman ki. Iyalina ta ce ke kika gaya mata a injin niƙa cewa maganin nan na kumbura ciki ne. To jiya ɗan akuya ya tsinke ya shigo nan, tun daren jiya ba ta ci abinci ba, tana ta taɓa ciki. Na ce bari in roƙe ki, in da makari a taimaka."

Na sha jin ana cewa ƙasa ta tsage mutum ya shige. Ranar na nema, ba ta tsage ba. Ido sama da sittin a kaina. Na ce wa Inuwa ya je ya ce wa Indo ta ci tuwonta, ba abin da zai same ta, ƙarya na yi don awakinta su bar mana gero. Tunda an riga an fasa ƙwai, na ce tukunyar ma ni na ƙara, amma kazar ba tawa ba ce. Fasto ya yi masa bayanin ƙyallayen. Inuwa ya shiga kunyar gero ɗaya ya duba, ya fito yana murmushi, ya ce shi ma ubansa ya hana shi cire shura kafin ta nuna kanta, wannan karatu ne mai kyau. Ya yi sallama ya tafi da saurinsa wajen Indo.

Selina ta dube ni. Na zaci za ta yi magana, don da ni ce da na yi. Hadari ya taso daga gabas, aka ce a koma, sai ta zo ta miƙo mini hannu ta tashe ni kamar yadda take yi kowace Alhamis, ta karkaɗe mini zane. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Muna shiga ofis ruwa ya sauko. Wannan karon duk wadda ta sami wuri ta shigo, saura suka cika baranda. Na ɗauka magana ta ƙare, ashe Abednego bai gama ba. Ya ce ya yarda ba tsafi, ya gani. Amma suna ya riga ya ɓaci, kuma mutumin Hunkuyi ba zai zo ya ƙirga zangarniya ba. Muddin ana ganin mata na shiga daji, zancen ba zai mutu ba. A mayar da nazari cikin majami'a, Selina ta huta har sabuwar shekara, a ba wata. Dattawan nan biyu suka fara gyaɗa kai. Na ga Fasto ma yana lanƙwasa, don maganar ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba.

Na miƙe na ce ni na ɗaure, ni zan kwance. Bakin da ya kai zancen injin niƙa bai mutu ba, zai koma can, zai je Hunkuyi ranar kasuwa a kan kuɗin motata. A hore ni yadda aka ga dama, amma a bar yarinya da aikinta. Abednego ya ce ƙarya doki gare ta, gyara kuwa da sanda yake tafiya, kuma wa zai yarda da bakina yanzu. Wannan ta shige ni, na koma na zauna.

Sai na ji benci ya motsa kusa da ni. Matta ce ta tashi. Ta gyara ɗankwali, ta gaida Fasto da dattawa kamar yanzu ta shigo. Ta ce ita ba ta yi makaranta ba, shekara talatin tana zama a benci na uku, in an tashi aka tambaye ta me aka karanta sai ta ce an yi wa'azi mai kyau, iyakarta ke nan. Sannan ta ɗauko misalin mai gonar nan tun daga shuka har girbi, da bakinta, ba ta tsallake komai ba. Ta ɗora da na tunkiya, ta ɗora da na mai gini a kan yashi. Fasto ya buɗe nasa Littafin yana bi da yatsa, na ga ya daina share gumi.

Ta ce, "Huɗu na ɗaura, uku gero ne. Na tsaya gaban karan da na rantse a kansa, na tuna mutanen da na yanke wa hukunci a zuciyata tun ban ga ƙarshensu ba, suna da yawa, wasu na cikin ɗakin nan. A benci ban taɓa jin wannan ba." Ta juya wajen mijinta, ba ta ɗaga ido ba. "Baban Jessica, gida ɗaya muke kwana. Ka je Hunkuyi ka ji, ka je gona ka kwance, ka zo nan ka buga tebur. Ni da na yaga zanen ba ka tambaye ni ba."

Ta zauna.

Fasto ya rufe Littafinsa. Ya ce Selina za ta ci gaba da bi da nazari a inda ta ga ya dace, kuma Asabar mai zuwa yana roƙon ta kai dattawa da mazan ikilisiya gonar nan kafin a yanke geron, shi ma zai zauna a buhu. Ni kuma zan tsaya gaban jama'a ran Lahadi in faɗi abin da na yi, in je gidan Indo in ba ta haƙuri, sannan in yi wata ɗaya a bencin baya. Na ce na karɓa. Bencin baya ai daga nan ake ganin wanda ya makara da wanda ya zo da sabon takalmi. Dattawan nan biyu suka gyaɗa kai, wannan karon da ƙarfi. Selina ta ce ta gode, ta mai da Littafinta cikin leda. Na dube ta na dubi matan da ke leƙowa ta taga, na ce a raina duk Ikara da Makarfi a nemo mini irinta.

Abednego ya miƙe. Ya ce shi dai ba za a gan shi zaune a buhu mace na tambayarsa me ya gani ba. Ya ɗauki hularsa daga tebur ya kafa.

"Matta, tashi mu tafi."

"Ba a yi addu'ar rufewa ba, Baban Jessica," in ji ta. "Ka yi gaba, ina zuwa."

Ya tsaya yana kallon ta kamar yau aka kawo masa ita. Na so in ce masa Tanko ana ruwa, ka ari lema, amma na tuna ina cikin horo, na haɗiye. Ya ratsa ta tsakanin mata, ya fita cikin ruwan, ya jawo ƙofar ya buga ta da ƙarfi har sakata ta faɗo ƙasa.